Kundin hip hop da babu mai gambara a cikinsa: DJ Shadow da Endtroducing, 1996

Ranar 16 ga Satumba 1996, kwana 3 da mutuwar Tupac Shakur a wani asibitin Las Vegas, wani ƙaramin kamfanin faya-fayai na Landan mai suna Mo' Wax ya fitar da kundin farko na wani saurayi ɗan shekara 24. Ainihin sunansa Joshua Paul Davis, amma da DJ Shadow aka san shi. Farar fata ne ɗan Amurka, ya tashi a Davis, wani garin 'yan jami'a da gonaki a arewacin Kalifoniya, nesa da duk wata unguwa da ake dangantawa da hip hop. Kundin, mai suna Endtroducing....., ya haura awa ɗaya, kuma babu mawaƙin gambara ko ɗaya da ya tsaya gaban makirufo ya jero baituka daga farko har ƙarshe. Ba a ɗauko wani makaɗi ya buga ganga ko jita ba. Kusan duk sautin da ke ciki daga tsofaffin faya-fayan wasu mutane aka tsakuro shi, aka daddatsa, aka sake jerawa.

Masu sharhin waƙa sun yi masa ruwan yabo, kuma har yau ba su gaji ba. Abin dubawa shi ne su wa suka yi yabon, a kan wane dalili, kuma me yabon ya jawo wa mai kundin. A ganina aikin ya cancanci abin da aka faɗa a kansa, sai dai da yawa daga masu yabon sun yabe shi ne ta hanyar raba shi da gidansu, kuma wannan ya bi Shadow shekara da shekaru.

Yadda DJ ya koma bayan fage

Da DJ hip hop ya fara, ba da mawaƙi ba. A wani biki da aka yi ranar 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke Bronx, birnin New York, Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, shi ne a kan na'urar juya faifai. Herc ya lura masu rawa sun fi zabura a 'yar gaɓar nan da sauran kayan kiɗa ke yin shiru, ganga kaɗai ke tashi. Sai ya riƙa ɗora kwafi biyu na faifai ɗaya, wannan gaɓa na ƙarewa a ɗaya ya sake ta a ɗayan, ya ja 'yan daƙiƙu su koma mintuna. Mai riƙe da makirufo a wancan zamani ɗan rakiya ne, aikinsa ya zuga taro, ya yi wa DJ kirari. Shi ya sa sunan DJ ke zuwa a gaba a ƙungiyoyin farko: Grandmaster Flash and the Furious Five, Eric B. & Rakim, DJ Jazzy Jeff & the Fresh Prince.

Da manyan kuɗi suka shigo harkar, sai reshe ya juye da mujiya. Kamfani fuska yake sayarwa da murya, don haka mai gambara ya zama shi ne tauraro. Kafin tsakiyar shekarun 1990 mawaƙa da dama sun daina tafiya da DJ wajen wasa, kaset suke sawa su hau kan kiɗan. Duk wanda ya tashi yana jin Mamman Shata ya san wannan tsari: kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunayen masu buga masa kalangu, alhali idan suka tsaya waƙar ta tsaya?

Akwai waɗanda ba su yarda da wannan koma-baya ba. A yankin San Francisco, DJ Qbert da abokansa na Invisibl Skratch Piklz sun mai da ƙarzar faifai, wato jan sa gaba da baya a ƙarƙashin allura, wata sana'a mai zaman kanta. A 1995 an fitar da wani kundin haɗaka mai suna Return of the DJ, wanda DJ-DJ zalla ne a cikinsa. Amma su gwanintar hannu suke nunawa. Shadow ya iya ƙarza, yana kuma yin ta a cikin kundinsa, sai dai ba nan hankalinsa ya fi karkata ba. Shi so yake ya tsara waƙa mai farko da tsakiya da ƙarshe, mai sa mutum shiru, da kayan aikin DJ kawai.

Daga Davis zuwa Landan

Tun yana sakandare yake haɗa sauti da wata ƙaramar na'urar kaset mai layi huɗu. Da ya shiga Jami'ar Kalifoniya reshen Davis, sai ya samu wuri a gidan rediyon ɗalibai, KDVS, inda ya haɗu da waɗanda suka kafa ƙungiyar Solesides tare: Chief Xcel da Gift of Gab na Blackalicious, da Lyrics Born, da Lateef, da Jeff Chang wanda daga baya ya zama fitaccen marubucin tarihin hip hop. A 1991 mujallar The Source ta sa shi a shafinta na hazikan da ba su samu kamfani ba tukuna. A shekarar ne kuma kamfanin Hollywood Basic ya fitar da aikinsa "Lesson 4", wanda sunan kansa gaisuwa ce ga Double Dee da Steinski, mutum biyun da suka yi darussa na 1 zuwa na 3 na haɗa tsakuren sauti a shekarun 1980. Wannan tarihi yana da amfani, domin daga baya za a yi ta magana kamar daga sama Shadow ya faɗo. Ta ƙofar gidan hip hop ya shigo, kuma ya gai da manyan gidan kafin ya zauna.

James Lavelle, saurayin da ya kafa Mo' Wax, ya ji wani aikin da Shadow ya yi wa ƙungiyar Zimbabwe Legit, ya nemo shi. A 1993 suka fitar da "In/Flux", kiɗa mai tsawon sama da minti 10 babu mai rera waƙa. A watan Yunin 1994 wani ɗan jarida, Andy Pemberton, ya rubuta a mujallar Mixmag cewa wani sabon salo ya ɓullo, ya raɗa masa suna trip hop, ya kuma kawo "In/Flux" a matsayin misali. Daga nan aka ɗaure Shadow a turke ɗaya da Massive Attack da Portishead da Tricky na birnin Bristol, waɗanda kiɗansu a hankali yake tafiya, cike da kewa. Shadow bai taɓa karɓar wannan suna ba. Ya sha faɗi cewa shi hip hop yake yi. Ke nan tun shekara 2 kafin kundin ya fito, an riga an tanadi akwatin da za a saka shi.

Kayan aiki uku da ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Ya fara aikin a 1994 a ɗakinsa, ya ƙarasa a Glue Factory, sitidiyon gidan Dan the Automator a San Francisco. Ginshiƙan kayan aikinsa uku ne: na'urar juya faifai ta Technics SL-1200, da na'urar ɗaukar sauti ta Alesis ADAT, da kuma Akai MPC60, na'urar tsakuro sauti da sake jera shi, wadda ita ce zuciyar aikin.

Sai an san ƙarancin ƙarfin MPC60 ake gane girman wahalar. Roger Linn ne ya tsara ta, ta fito a 1988. Tana da maɓallan roba 16 da ake bugawa da yatsa, kuma ƙwaƙwalwarta daƙiƙa 13 na sauti take ɗauka, idan an ƙara mata ta kai 26. Wayar da ke aljihun mai karatu ta ninka ta sau dubbai. Ba ta kuma iya sauya saurin sauti ba tare da ta sauya muryarsa ba: ka rage gudun fiyano don ya dace da ganga, sai muryar fiyanon ta yi ƙasa, ta daina jituwa da jitar da ka ɗauko daga wani faifan. Don haka dole mutum ya saurari faya-fayai bila adadin kafin ya dace da guda biyu da za su zauna lafiya da juna. Ganga kuwa ba ɗauko ta yake yi dunƙule ya bar ta tana maimaita kanta ba. Yakan raba kowane bugu daban, ya ɗora kowanne a kan maɓallinsa, sannan ya buga sabon kiɗan da makaɗin asali bai taɓa bugawa ba. A "Changeling" awon kiɗan bakwai-bakwai yake tafiya maimakon huɗu-huɗun da aka saba a hip hop. A "Napalm Brain/Scatter Brain", mai tsawon sama da minti 9, gangar tana farawa da sanɗa, ta ƙare da gudu kamar za ta ɓalle.

Faya-fayan kuwa mafi yawansu daga wani kantin tsofaffin faya-fayai ne da ke titin K a Sacramento. Hoton bangon kundin, wanda Brian Cross ya ɗauka, a cikin wannan kanti ne: Chief Xcel da Lyrics Born sun duƙufa suna bincike, fuskar Shadow ba ta ciki ko kaɗan. A ƙarƙashin kantin akwai ɗaki cike da faya-fayai jibgi-jibgi har kusa da rufi, waɗanda ba wanda ya nema shekaru aru-aru. A fim ɗin Scratch na Doug Pray, wanda ya fito a 2001, an nuna Shadow a cikin wannan ɗaki yana cewa wurin tarin mafarkan da suka rushe ne, kuma duk mai fitar da faifai, ko ya yarda ko bai yarda ba, ƙara wa tarin yake yi. Wanda ya ji wannan magana zai gane inda baƙin cikin da ke ratsa kundin ya samo asali. Mutumin da ya yi shi ya shafe ƙuruciyarsa yana sauraron mutanen da duniya ta manta da su.

"Midnight in a Perfect World" ta isa misali. A cikin minti 5 akwai fiyanon David Axelrod, Ba'amurke mai tsara kiɗa wanda tauraronsa ya dushe tun shekarun 1970. Akwai sautin Pekka Pohjola, makaɗi ɗan ƙasar Finland. Akwai muryar Meredith Monk. Akwai gutsuren baiti daga ƙungiyar gambara ta Organized Konfusion. Mutanen nan ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba, amma mai sauraro ba zai ji inda aka haɗa ba. "Building Steam with a Grain of Salt" a kan fiyanon Jeremy Storch aka gina ta, da muryar wani makaɗin ganga, George Marsh, yana bayanin yadda ya koyi sana'arsa. "Organ Donor" daga wani tsohon aikin Giorgio Moroder ta fito. Shadow ya fi son abin da ba a sani ba, amma bai hana kansa sanannu ba: akwai Metallica a "The Number Song", akwai Björk a "Mutual Slump".

Su wa suka yaba, kuma me suka ce

Ingila ce ta fara. Kundin ya kai na 17 a jadawalin cinikin faya-fayai na Birtaniya, abin mamaki ga aikin da babu mai rera waƙa a cikinsa, daga baya kuma ya samu shaidar zinare, wato lambar da ake ba kundin da ya yi ciniki mai yawa. Mujallar Muzik ta zaɓe shi kundin shekara. NME da Melody Maker, manyan jaridun mako-mako na masoya rock, sun sa shi a sahun gaba cikin jerinsu na ƙarshen 1996. NME ce ta kira Shadow Jimi Hendrix ko Jimmy Page (shahararrun masu jita na rock) na na'urar tsakuren sauti, kuma wannan kirari ya fi kowanne yawo.

A Amurka sai ranar 19 ga Nuwamba ya fito, kuma kasuwa ba ta motsa kamar ta Ingila ba. A jadawalin Heatseekers na Billboard, wanda na sabbin shiga ne, na 37 ya kai. Wannan shekara ce da Fugees da Tupac suka sayar da miliyoyin kwafi. Amma masu alƙalami sun tsaya masa. Robert Christgau na jaridar Village Voice, wanda aka san shi da rowar maki, ya ba shi A+. A ƙuri'ar Pazz & Jop, wadda jaridar ke tattarawa daga masu sharhi na faɗin ƙasar, Endtroducing ya zo na 4 a 1996, bayan Beck da Fugees da Sleater-Kinney. Reasonable Doubt na Jay-Z, wanda ya fito a shekarar kuma yau ake lissafa shi cikin manyan kundaye, bai kusanci wannan matsayi ba.

A nan ne abin yake. Dubi jerin masu yabon: jaridun rock, mujallun kiɗan rawa na Turai, masu sharhin da yawancin masu karanta su farar fata ne 'yan jami'a. Dubi kuma ma'aunin da suka ɗauko. Da suka tashi girmama shi, ba su ce shi ne magajin Grandmaster Flash ba, wanda tun 1981 ya fitar da faifan da aka haɗa da faya-fayan wasu zalla. Ba su ce ɗalibin Prince Paul ba ne, wanda ya tsara kundin farko na De La Soul a 1989, ko na Bomb Squad da suka gina wa Public Enemy katangar sauti daga gutsattsari masu yawan gaske. Masu jita biyu na rock suka ɗauko. Ko ba su nufa ba, saƙon da ya fita shi ne aikin ya yi kyau har ya wuce a kira shi hip hop.

Shadow da kansa ya ba su sanda, ko da bai yi niyya ba. Akwai wani ɗan gajeren yanki a kundin, bai kai minti ɗaya ba, mai taken "Why Hip-Hop Sucks in '96", wato dalilin lalacewar hip hop a shekarar. Kiɗa ne mai santsi irin wanda ke tashe a rediyo a lokacin, sai murya ta ce kuɗi ne, shi ke nan. Ga wanda ya tashi a cikin harkar, wannan ƙorafin ɗan gida ne, irin wanda masoya hip hop ke yi a junansu tun kafin 1996. Ga wanda dama bai son gambara, hujja ce ta faɗo masa: ga ma ɗaya daga cikinsu ya faɗa. Mutane da yawa da ba za su taɓa sayen faifan Nas ko na Mobb Deep ba sun sayi Endtroducing, suka same shi hip hop mai tsabta, babu zagi, babu bindiga, babu baƙin saurayin da ke faɗa musu abin da ba su son ji. Ba laifin kundin ba ne, amma yana cikin dalilan da suka sa ƙofofi suka buɗe masa da wuri.

Maganar launin fata ba ta ɓoyuwa a nan. DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da RZA duk suna yin aikin daddatsa sauti mai zurfi a daidai wannan lokaci, amma da yake akwai mai gambara a kan kiɗansu, sai aka ɗauke su masu yi wa wani shimfiɗa. Da farar fata ya cire muryar ya bar shimfiɗar, sai aka ce ga mai tsara kiɗa ya zo. Adalcin da za a yi wa Shadow shi ne bai taɓa karɓar wannan rawani ba. A takardar da ke cikin kundin ya jero sunayen magabata masu yawa yana gode musu, kuma yankin farko na kundin gaba ɗaya muryoyin hip hop ne a jere, kamar mai cewa ga dangina kafin ku tambaya.

Duk da haka ba zan ce masu yabon sun yi kuskure a kan ingancin aikin ba. Akwai abin da Shadow ya yi wanda waɗancan gwanaye ba su sa gaba ba. Premier kiɗan daƙiƙa kaɗan yake ginawa ya bar shi yana juyawa, domin aikinsa ya ba mai gambara wurin taka ƙafa, kuma a wannan fage ba a kai shi ba. Shadow ba shi da wanda zai riƙe masa hankalin mai sauraro, don haka dole kiɗan ya riƙa sauyawa, abu ya shigo, abu ya fita, a koma kan wani sautin da aka ji minti 4 da suka wuce. "Stem/Long Stem" tana farawa da tsinkar igiya mai sanyi, ganga ta afko kamar ta 'yan punk, sai komai ya lafa a bar wani ɗan barkwanci yana ba da labarin yadda aka tsare shi a kan tarar ajiye mota, abin dariya ya koma abin tsoro. Ya kuma ɗaure kundin da wasu saƙonni masu ƙarar rediyo da ya tsakuro daga wani fim ɗin John Carpenter, suna dawowa lokaci-lokaci. Wannan tunanin mai gina dogon aiki ne. Inda zan rage masa maki shi ne tsakiyar kundin, wajen "Mutual Slump", inda gangar ta fi ra'ayin ƙarfi. Kuma "Organ Donor" ta kundin gajeruwa ce ƙwarai, doguwar da ya fitar daga baya ta fi ta.

Kambun Guinness da maganar kotu

A 2001 littafin Guinness ya sa Endtroducing a matsayin kundi na farko da aka yi gaba ɗaya da tsakuren sauti. Wannan shi ne abin da aka fi maimaitawa a kansa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Da farko ma ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, domin akwai muryoyin Gift of Gab da Lyrics Born da aka ɗauka musamman don kundin. Sannan yana mai da aikin kamar wasan nuna bajinta, irin na wanda ya fi kowa daɗewa a tsaye da ƙafa ɗaya. Ba don an yi shi da tsakure ake sauraronsa bayan kusan shekara 30 ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokacin da ya fito. A Disambar 1991 alƙali Kevin Thomas Duffy na wata kotun tarayya a New York ya yanke hukunci a ƙarar da aka kai Biz Markie kan tsakuro waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini. Da ayar Baibul mai hana sata ya buɗe hukuncin, aka kuma janye kundin daga kasuwa. Biz Markie, da yake mutum ne mai barkwanci, ya sa wa kundinsa na gaba suna All Samples Cleared!, wato an biya kowa haƙƙinsa. Daga nan manyan kamfanoni suka tsorata. Salon tara gutsattsari masu yawa a waƙa ɗaya ya yi tsada, domin kowane gutsure da mai shi da lauyansa. Ya fi sauƙi a ɗauki sananniyar waƙa guda a hau kanta, kamar yadda Puff Daddy ya yi da waƙar The Police a 1997.

Shadow ya bi ta wata hanya: ƙaramin kamfani a wata ƙasa, da faya-fayan da ko masu su sun manta da su, da daddatsawar da ke sa a kasa gane asali. Masu sharhi na 1996 sun ɗauka sabon zamani ne ke buɗewa. A gaskiya ƙofa ce ke rufewa. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar Bridgeport, ta ce ko a nemi lasisi ko a bar tsakure, komai ƙanƙantarsa. Yau kuma akwai shafukan intanet da manhajojin da ke tona asalin kowane sauti. Tsofaffin kundayen De La Soul sai a watan Maris 2023 suka samu shiga manhajojin sauraron waƙa, kuma rikicin haƙƙin tsakure yana cikin abin da ya tsare su. Shi kansa Shadow ya ce kundin babi ne na ƙarshe na wani salo da ya yi wa Mo' Wax, ba mafarin wani abu ba.

Ta wani gefen kuma tsakuren ya yi wa wasu rana. David Axelrod, wanda Shadow da wasu masu haɗa kiɗan hip hop suka yi ta ɗiba daga ayyukansa, ya dawo bakin mutane, har Mo' Wax ta fitar masa da kundi a 2001.

Abin da ya biyo baya

Tasirin ya fi saurin bayyana a wajen hip hop, wanda ya ƙara tabbatar da inda masu sauraronsa suke. Radiohead sun ce shi suka kwaikwaya wajen daddatsa gangar "Airbag", waƙar farko a OK Computer na 1997. A 1998 Shadow da Lavelle suka fitar da Psyence Fiction da sunan UNKLE, har da Thom Yorke, mawaƙin Radiohead, a ciki. Kundin Shadow na biyu, The Private Press, ya fito a 2002, an karɓe shi da mutunci, amma kusan kowane sharhi da awon sa da na farko yake farawa.

A halin nan darajar Endtroducing sai hauhawa take. Mujallar intanet ta Pitchfork ta sa shi na 7 cikin kundayen shekarun 1990 a jerinta na 2003, da aka sake fitar da shi a 2005 kuma ta ba shi maki 10 cif. Mujallar Time ta sa shi cikin kundaye 100 mafi girma a 2006.

A wannan shekara ta 2006 ne Shadow ya fitar da The Outsider, ya cika kashin farkonsa da hyphy, salon gambara mai zafi da hayaniya na yankin Oakland da Vallejo, tare da Turf Talk da E-40 da wani mai suna Keak da Sneak, ga kuma David Banner daga Mississippi. Masoyansa da dama suka yi ca a kansa, suka ce ya sayar da kansa. Kundin yana da rauninsa, bai haɗu wuri ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma zafin fushin ya nuna wani abu dabam. Mutumin da ya ce tun ranar farko shi ɗan hip hop ne ya yi aiki da masu gambarar da ke tashe a yankinsu, sai waɗanda suka ce suna ƙaunarsa suka ji an ci amanarsu. Ashe Shadow ɗin da aka saya a 1996 wanda babu masu gambara a tare da shi ne. Amsar da ya bayar a lokacin ita ce maimaita Endtroducing bai taɓa zama cikin shirinsa ba.

A Disambar 2012 wani gidan rawa a Miami ya tsayar da shi yana tsakiyar wasa, wai kiɗan da yake sawa ya yi wa masu wurin gaba da yawa. Ya ɗora haɗin a intanet kowa ya ji. A 2016 ya fitar da "Nobody Speak" tare da Killer Mike da El-P na Run the Jewels, gambara tsagwaronta, wadda ta zama ɗaya daga waƙoƙinsa mafi yaɗuwa, a shekarar da aka sake buga Endtroducing don cikarsa shekara 20. Da Rolling Stone ta sabunta jerinta na kundaye 500 a 2020, Endtroducing ya zo na 329, kuma shi kaɗai ne aikin Shadow da ya shiga.